Jagora kan Daidaita Taku da Sakin Ƙwallo a Wasan Bolin

A wasan bolin mai kwalabe goma, ikon ɗan wasa a kan ƙwallonsa yana ƙarewa ne a layin iyaka, wato layin da ke bakin titin da ake mirgina ƙwallo a kai zuwa kwalabe. Daga nan ƙwallon za ta yi tafiyar ƙafa 60, wato mita 18.29, kafin ta tarar da kwalbar gaba, kuma a cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai da take ɗauka a kan titi babu abin da zai iya ƙara mata ko ya rage. Gudunta, da yawan juyinta, da ɓangaren da take juyawa, da falankin da ta sauka a kansa cikin siraran falankan titin, duk an gama yanke su a ɗan ƙanƙanin lokacin da yatsu suke fita daga ramukan ƙwallon. Wannan ne ya sa masu koyo suke tattara hankalinsu kacokan a kan hannu, suna murɗa shi, suna ɗaga shi, suna sauya masa matsayi a kowane jifa. Amma hannu ba ya iya yin abin da ƙafafu ba su ba shi lokacin yi ba. Idan ƙwallon ta riga ƙafa isowa layi, ko ta makara ƙwarai, sakin zai lalace komai ƙwarewar yatsu. Haka kuma hannun da ya damƙe ƙwallo da ƙarfi yana sauya tsawon lilo, ya jefa takun da yake daidai cikin ruɗani. Saboda haka gyara yana da jerinsa, kuma sakin da kowa yake ɗokin gyarawa shi ne kusan na ƙarshe a jerin.

Duk bayanin da ke tafe na badame ne, wato mai jifa da hannun dama. Bahago sai ya juya komai: inda aka ce dama ya karanta hagu.

Abin da ake nufi da daidaiton lokaci

Daidaiton lokaci shi ne dangantakar da ke tsakanin wurin da ƙwallon take a cikin lilonta da wurin da ƙafafu suke a cikin takunsu. Ana auna shi a ƙarshen tafiya, lokacin da ƙafar hagu take zamiya zuwa layi. Idan ƙwallon ta iso daidai idon sawu a lokacin da zamiyar take ƙarewa, an ce lokaci ya daidaita. Idan ta wuce idon sawu alhali ƙafar ba ta gama zamewa ba, ƙwallon ta yi gaggawa. Idan ƙafar ta tsaya cak ƙwallon tana baya ba ta iso ba, ta yi jinkiri.

Ba daidai ba ne a ɗauki gaggawa da jinkiri a matsayin laifi biyu masu nauyi ɗaya. Ɗan jinkiri kaɗan abin so ne a wurin yawancin ƙwararrun wannan zamani, domin ƙafar da ta riga ta kafu tana ba jiki madogarar da yatsu za su yi aiki a kanta. Gaggawa kuwa da wuya ta amfani mai son ƙwallonsa ta lanƙwasa, domin jiki yana ci gaba da tafiya gaba tare da ƙwallon, babu abin da yatsu za su tokara da shi.

Mataki na farko: ramin babban yatsa da nauyin ƙwallo

Kafin a yi maganar taku sai an tabbatar ƙwallon ta dace da hannu, domin duk atisayen da aka yi da ƙwallon da ba ta dace ba koyon kuskure ne. Dokar hukumar bolin ta Amurka, USBC, ta ƙayyade cewa nauyin ƙwallo ba zai wuce laba 16 ba, wato kilo 7.26, kuma ƙwararru da yawa suna amfani da mai laba 15. Ƙa'idar da aka saba ba masu farawa ita ce kada ƙwallo ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsu. Gwajin da ya fi wannan amfani shi ne ka riƙe ta a gefenka, hannu a sake, ka duba ko wuyan hannunka yana iya tsayawa a miƙe ba tare da ya karye baya ba. Idan ya karye tun a jifa na farko, to a wasa na uku ba za ka iya riƙe ta a bayanta ba, kuma za ta riƙa suɓuce maka kafin lokaci.

Riƙo iri biyu ne. A riƙon gargajiya yatsan tsakiya da na zobe suna shiga har gaɓa ta biyu. A riƙon kan yatsa gaɓar farko kawai take shiga, wanda hakan yake ƙara tazara tsakanin babban yatsa da sauran biyun, ya kuma ba su damar daɗewa a cikin ƙwallo bayan babban yatsa ya fita. Wannan ɗan daɗewar shi ne tushen juyi. A kowane riƙo babban yatsa yana shiga gaba ɗaya har gindinsa.

A nan ne gizo yake saƙar. Ramin da ya yi wa babban yatsa yawa yana tilasta wa mutum lanƙwasa yatsan ya maƙale ƙwallon don kada ta faɗi, ko da bai san yana yin haka ba. Maƙalewar tana ɗaure naman damtse har zuwa kafaɗa, lilon baya ya gajarta, ƙwallon ta dawo gaba da wuri, a layi kuma yatsan ya ƙi fita a kan lokaci. Sai ka ga mutum ɗaya yana fama da gaggawar ƙwallo da makarar babban yatsa a jifa guda, yana ta gyara takunsa a banza. Ramin da ya dace shi ne wanda yatsa yake shiga ya goge gefe da gefe kaɗan, ya fita sumul idan an sake shi. Tun da yatsa yana kumbura yana kuma saɓewa gwargwadon zafi, sanyi da yawan jifa, ƙwararru suna yawo da 'yan yankakkun tef da ake mannawa a cikin ramin: a ƙara ɗaya idan ya yi yawa, a cire ɗaya idan ya matse. Idan ka ga kanta ta fito maka a bayan gaɓar yatsa, alama ce ta cewa kana lanƙwasa shi a ciki, kuma ya kamata mai huda ƙwallo ya sake duba tazarar ramukan da karkatarsu.

Mataki na biyu: wurin tsayawa da takun farko

Filin taku, wanda tsawonsa bai gaza ƙafa 15 ba, yana da ɗigogi da suke taimaka wa mutum ya tsaya a wuri ɗaya kullum. Domin gano naka wurin, tsaya a gaban layin iyaka ka juya masa baya, dugaduganka kusa da shi, ka yi taku huɗu da rabi irin na tafiyar yau da kullum. Rabin takun na zamiya ne. Inda ka tsaya, nan ne mafarinka, kuma in kana yin taku biyar sai ka ƙara ɗaya. Manufa ita ce ƙafar hagu ta ƙare 'yan inci kaɗan kafin layi, domin wanda ya taka shi ko ya tsallake ba a lissafa masa kwalaben da ya kayar a wannan jifa.

A tsarin taku huɗu, badame yana farawa da ƙafar dama, kuma ƙwallon tana motsawa tare da ita a lokaci guda. A taku na biyu, na hagu, ƙwallon tana saukowa ta gefen ƙafar dama. A na uku tana kai ƙololuwar lilonta ta baya. A na huɗu ƙafar hagu tana zamewa, ƙwallon tana saukowa gaba. Tsarin taku biyar bai sauya komai a cikin wannan ba, illa ya ƙara ɗan gajeren taku na hagu a farko wanda ƙwallon ba ta motsi a cikinsa, don jiki ya samu fara tafiya kafin nauyi ya bar hannun hagu.

Mafi yawan matsalolin da ake gani a layi a nan ake haifar da su. Wanda ya tura ƙwallon kafin ƙafarsa ta ɗaga ya riga ya ba ta rata, kuma za ta riƙe wannan ratar har ƙarshe. Wanda ya yi taku ɗaya da rabi yana rungume da ita kafin ya sake ta, zai isa layi ya tarar da ita tana can sama a bayansa. Tsayin da ka riƙe ƙwallon a tsayuwarka ma yana da tasiri: riƙo a daidai ƙirji yana tsawaita lilo ya jinkirta isowarta, riƙo a daidai ƙugu yana gajarta shi ya gaggauta ta. Wannan shi ne mafi sauƙin maɓallin gyara da ɗan wasa yake da shi, domin ana sarrafa shi ne a tsaye, kafin komai ya fara motsi. Hannun hagu ne ya kamata ya ɗauki yawancin nauyin a wannan tsayuwa, kuma a riƙe ƙwallon a gaban kafaɗar dama, ba a tsakiyar ciki ba, don ta samu hanyar wucewa a miƙe ba sai ta kewaye ƙugu ba.

Mataki na uku: barin nauyi ya yi lilo

Lilon da nauyin ƙwallo yake tafiyar da shi yana ɗaukar lokaci kusan iri ɗaya a kowane jifa, tun da tsawon hannu bai sauya ba. Lilon da ƙarfin damtse yake tafiyar da shi kuwa yana sauyawa da gajiya, da fargaba, da ɗokin kayar da kwalabe goma a zagayen ƙarshe na wasa. Shi ya sa ƙa'idar ita ce ƙafafu su bi lilo, ba lilo ya bi ƙafafu ba. Mai dogon hannu da babban lilo yana buƙatar taku mai natsuwa, mai gajeren lilo yana buƙatar taku mai sauri. Idan kana son ƙarin gudu a ƙwallo, matsa baya kaɗan a filin taku ka ƙara saurin ƙafa, ka ɗaga ƙwallon sama kaɗan a tsayuwa. Kada ka nemi gudun daga fizgar hannu a saukowa, domin fizga tana rufe kafaɗar dama da wuri, ta ja ƙwallon zuwa hagun abin da ka auna.

Taku na uku ya cancanci kulawa ta musamman. Gajere ne kuma mai sauri, gwiwar dama tana ɗan durƙusawa a cikinsa, kuma daga shi ne ake tunkuɗa jiki zuwa zamiya. Idan ya yi tsawo, jiki zai tsaya jiran ƙafa, ƙwallon ta fara saukowa kafin zamiya ta fara.

Mataki na huɗu: zamiya da saki

Takalmin bolin na ƙwararru ba ƙafa biyu iri ɗaya ba ne. Na hagun badame yana da tafi mai santsi don zamiya, na dama yana da roba don tunkuɗa. Yayin da ƙafar hagu take zamewa, gwiwarta a lanƙwashe, ƙafar dama tana sharewa zuwa hagu ta bayan jiki don ta buɗe wa ƙwallon hanya ta wuce dab da idon sawu, hannun hagu kuma a miƙe gefe yana daidaita nauyi. Kusancin ƙwallo da idon sawu ba ado ba ne. A nan ne take ƙarƙashin kai da kafaɗa, inda jiki ya fi ƙarfin riƙe ta, kuma duk incin da ta yi nesa da shi ƙarfi ne ya zube.

Sakin kansa yana da sassa uku da suke bin juna cikin ƙiftawar ido. Na farko, babban yatsa yana fita yayin da ƙwallon take gab da idon sawu, hannu yana bayanta kuma ɗan ƙasa da tsakiyarta. Na biyu, nauyin ƙwallon yana komawa kan yatsu biyu, wuyan hannu ya ɗan juya. Idan ka ɗauki ƙwallon a matsayin fuskar agogo kana kallonta ta baya, yatsun suna tashi daga wajen ƙarfe 6 zuwa wajen ƙarfe 4 ko 3. Na uku, yatsun suna fita bayan ƙwallon ta wuce yatsun ƙafa, hannu ya ci gaba da tashi gaba zuwa abin da aka auna, ya ƙare a matsayin mai miƙa hannu don gaisawa. Juyin na wuyan hannu ne kaɗai. Gwiwar hannu tana nan kusa da jiki, cikinta yana fuskantar kwalabe har ƙwallon ta tafi.

Tazarar da ke tsakanin fitar babban yatsa da fitar sauran biyun ita ce mahaɗar da taku da saki suke cin karo. Ƙafar da ta kafu da gwiwar da ta durƙusa suna sa ƙasan lilo ya ɗan miƙe, ƙwallon ta yi tafiya a kwance daidai da ƙasa na ɗan lokaci maimakon ta sauko ta tashi nan take. A cikin wannan shimfiɗaɗɗen wuri ne babban yatsa yake samun sararin zarewa, yatsu su juya. Idan ƙwallon ta yi gaggawa, wurin ya ɓace: yatsu uku suna fita kusan tare, ƙwallon ta tafi da ɗan juyi kaɗan, ta bugi kwalbar gaba ta karkace maimakon ta ratsa. Ɗan wasan da ya ga haka yakan yi ƙoƙarin ƙirƙiro juyin da ƙarfi, ya fara murɗa hannu tun ƙwallon tana bayan ƙugunsa. Sakamakon shi ne gwiwar hannu ta buɗe waje, tafin hannu ya hau saman ƙwallon, ta tafi tana katantanwa a kan ɗan ƙaramin da'ira ba tare da ta kama titi ba.

Idan jinkirin ya yi yawa, labarin daban ne. Ƙafa ta tsaya, kafaɗa tana buɗe tana fuskantar dama, ƙwallon ba ta iso ba. Ko dai a sake ta a haka ta tafi dama da abin da aka auna, ko kuma ɗan wasa ya ji ta makara ya fizgo ta da ƙarfi, kafaɗa ta rufe fiye da kima, ta tafi hagu. Saboda haka mai yawan jinkiri yana kuskure ta ɓangare biyu, abin da yake rikita shi ya sa ya ɗora laifin a kan idonsa. Yakan kuma kasa tsayawa bayan saki, ya tuntsura zuwa dama.

Matsayin wuyan hannu yana da nasa tasirin a kan lokaci. Wuyan hannun da aka lanƙwasa ciki yana sa yatsu su shiga ƙarƙashin ƙwallo sosai, ya ƙara juyi, amma yana buƙatar ɗan jinkiri don ya samu lokacin warwarewa a ƙasan lilo. Wanda yake a miƙe ya fi dacewa da daidaitaccen lokaci, kuma shi ya kamata mai koyo ya fara ƙwarewa a kai. Wanda ya karye baya yana rage juyi, ƙwallon ta tafi kusan a miƙe, kuma ana yin sa da gangan idan ana neman kwalba ɗaya da ta rage a kusurwa, kamar ta 10 da ke ƙarshen dama a layin baya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya ari lanƙwasasshen wuyan hannun wani gwani ya ɗora a kan takunsa mai gaggawa. Abin da zai samu shi ne ciwon hannu, ba juyi ba.

Mataki na biyar: gano matsalarka da hoton bidiyo

Abin da jiki yake ji ba abin dogaro ba ne a nan, domin wanda ya daɗe da gaggawa yana jin ta a matsayin daidai. Ka sa wani ya ɗauke ka da waya ta gefen dama, a daidai tsayin ƙugu, da tsarin ɗauka a hankali mai hoto 120 ko 240 a daƙiƙa. Ka tsayar da hoton a wurare uku. Na farko, lokacin da dugadugin takun farko ya taɓa ƙasa: ƙwallon ta riga ta bar jiki ko tana nan? Na biyu, lokacin da ƙafar hagu ta shimfiɗu a ƙasa a gaban kai, zamiya tana farawa. Kocin nan na Amurka, Mark Baker, ya yi fice da lura da cewa a wannan gaɓa hannun manyan 'yan wasa yakan kasance a miƙe a baya daidai da shimfiɗar ƙasa, duk da bambancin salonsu. Idan naka ya riga ya sauko ƙasa da haka sosai, kana gaggawa, idan yana can sama, kana jinkiri. Na uku, lokacin da zamiya ta tsaya: ina ƙwallon take daga idon sawu?

Kunne ma yana ba da shaida. Ƙwallon da aka sake daidai tana sauka a kan titi da ɗan sauti mai laushi, kaɗan bayan layi. Ƙara mai ƙarfi kafin layi ko a kansa yana nufin ta suɓuce da wuri. Ƙara mai ƙarfi can nesa, bayan ta yi tsalle a iska, yana nufin babban yatsa ya maƙale. Sannan ka duba zoben mai da yake fitowa a jikin ƙwallon idan ta dawo, daga man da ake shafa wa titi. Idan yana wucewa kusa da ramukan ta hagunsu a kowane jifa, sakinka yana maimaita kansa. Idan yau yana kusa, an jima ya yi nisa, hannun yana isowa layi a yanayi daban daban, kuma sau da yawa taku ne sanadi.

Mataki na shida: gyara, abu ɗaya a lokaci ɗaya

Mai gaggawa yana da hanyoyi uku: ya jinkirta tura ƙwallo har ƙafar dama ta fara tafiya, ya ɗaga ta sama kaɗan a tsayuwa, ko ya ƙara saurin taku biyun farko. Mai jinkiri ya yi akasin haka, ya fara motsa ƙwallon da wuri, ya sauke ta ƙasa, ya bar ta ta faɗa cikin lilo daga gwiwar hannu maimakon ya miƙa ta can gaba. A zaɓi ɗaya a yi jifa goma ko fiye da shi kafin a yanke hukunci, kuma kada a dubi maki a lokacin. Sauya abu biyu tare yana hana ka sanin wanne ne ya yi aiki.

Atisayen da suke haɗa saki da taku ana yin su ne daga layi zuwa baya. A fara da durƙuso: gwiwar dama a ƙasa, ƙafar hagu a gaba kusa da layi, a yi ɗan lilo sau biyu a saki ƙwallon a hankali, ana kallon babban yatsa yana fita kafin sauran. Babu buƙatar gudu, abin nema shi ne a ga ƙwallon tana mirginawa daga kan yatsu. Daga nan a miƙe a tsaya a matsayin ƙarshe, gwiwar hagu a lanƙwashe, ƙafar dama a baya, a yi saki ba tare da taku ba. Sai atisayen taku ɗaya, wanda a ganina ya fi sauran daraja: a tsaya taku ɗaya da rabi daga layi, a bar ƙwallon ta yi lilo baya, a jira har ta kai ƙololuwa, sannan ƙafar hagu ta zame. Jiran nan shi ne darasin. Mai gaggawar hannu zai ji kamar an riƙe shi, mai fizga zai gane cewa ƙwallon tana saukowa da kanta ba sai an ja ta ba. Bayan wannan a koma cikakken taku da rabin gudu, kuma a kowane jifa a tsaya cak a matsayin ƙarshe har ƙwallon ta bugi kwalabe. Wanda ya kasa wannan tsayuwa bai daidaita ba tukuna, ko da kwalabe goman sun zube.

Salo da yanayin titi

Babu lokaci guda da ya dace da kowa, kuma tarihin ƙungiyar ƙwararru ta PBA, wadda aka kafa a 1958, ya nuna haka. Walter Ray Williams Jr., mai kambu 47, da bahagon nan Earl Anthony, mai 43, sun gina nasararsu a kan saki mai sauƙi da maimaita jifa iri ɗaya. Mark Roth a shekarun 1970 ya zo da taku mai sauri da murɗa mai ƙarfi, ya buɗe wa masu yawan juyi ƙofa. Jason Belmonte na Ostareliya da Osku Palermaa na Finlan sun yaɗa jifa da hannu biyu, inda ba a sa babban yatsa a rami, hannun hagu ne yake tallafe ƙwallon har gab da saki. A wannan salo lilon gajere ne, don haka taku na kusa da ƙarshe yakan zama ɗan tsalle mai sauri don ƙafafu su samar da gudun da lilo bai bayar ba, kuma janyewar hannun hagu ce take taka rawar da fitar babban yatsa yake takawa. Tun daga 1 ga Agusta 2020 dokar USBC ta haramta ramin daidaita nauyi, wato ƙarin ramin da ba a sa yatsa a ciki, saboda haka wanda ba ya sa babban yatsa ba zai bar ramin banza a ƙwallonsa ba.

Ƙwallayen da aka fara yi da sinadarin rezin mai shan mai a farkon shekarun 1990 sun sauya abin da ake buƙata daga hannu. A da, da ƙwallon roba ko ta leda, sai an ɗaga yatsu da ƙarfi kafin ta lanƙwasa. Ta yanzu tana kama titi da kanta, kuma fizgar yatsu sama yana sa ta yi tsalle ta karya da wuri ba bisa tsari ba. Abin da ake nema shi ne ta bi matakanta uku a jere: ta sulale a kan mai, wanda a yawancin wuraren wasa yake kai ƙafa 40 ko kusa da haka, ta lanƙwasa idan ta fita busasshen wuri, sannan ta mirgina sosai kafin ta shiga tsakanin kwalba ta 1, wato ta gaba, da ta 3 da ke bayanta ta dama. Binciken USBC ya nuna cewa shiga wannan wuri da kusurwar digiri 6 ya fi ba da damar kayar da goman duka, kuma ƙwallon da aka jefa a miƙe ba ta iya samun wannan kusurwa a titin da faɗinsa falanki 39 ne kawai.

Yayin da wasa yake tafiya mai yana ƙarewa a hanyar da ake yawan bi, ƙwallon ta fara lanƙwasawa da wuri. A nan ne 'yan wasa da yawa suke lalata takunsu, domin suna ƙara ƙarfin hannu don su tura ta ta wuce busasshen wurin. Gyaran da ya fi aminci shi ne a matsar da ƙafa falanki biyu zuwa hagu, abin aunawa kuma falanki ɗaya, misali daga ta biyu cikin kibiyoyin da aka zana a titi, wadda ke kan falanki na 10 daga dama, zuwa na 11, a bar taku da saki yadda suke. Idan hakan bai wadatar ba, a rage juyin wuyan hannu, yatsu su tsaya a wajen ƙarfe 5, ko a sauya zuwa ƙwallon da fatarta ta fi santsi. Sai waɗannan sun gaza ne ake taɓa gudu, kuma idan za a taɓa shi, a matsa baya da rabin taku a ɗaga ƙwallon a tsayuwa gwargwadon haka, don ƙafa da ƙwallo su ci gaba da isowa layi a tazarar da aka saba.